Na gama littafina na farko, shagunan littafi sun ƙi karɓa, ina zan dosa?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya, ta ce ta gama rubuta labarinta na farko, dogo ne, ta zaga wajen masu sayar da littattafai biyu uku duk suka nuna mata yanzu ba a sayen littafin labari, wani ma ya ce mata kada ta ɓata kuɗinta wajen bugawa. Tana tambaya wai shi kenan harkar ta mutu ne, ko akwai wata dama da ta rage wa marubucin Hausa, musamman sabon shiga irinta da bai san kowa ba.

To ƙanwata, da farko dai ina taya ki murnar gama littafi, don mutane da yawa suna farawa ne kawai su tsaya a tsakiya, gamawar nan ba ƙaramin abu ba ce. Na daɗe ina aikin gyaran rubutu da kai littafi maɗaba'a da mu'amala da 'yan kasuwar littafi, don haka zan gaya miki abin da na sani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mutumin nan da ya ce kada ki buga, a kan littafin takarda ya faɗa miki gaskiya, amma a kan harkar rubutu gaba ɗaya bai faɗa miki daidai ba. Masu karatu suna nan, ina ma ganin sun fi na da yawa, wurin da suke karantawa ne ya canza, kuma shawarata a dunƙule ita ce kada ki kai ko sisi maɗaba'a sai kin gyara littafin nan da kyau kuma kin san su waye za su saya. Bari in yi miki bayanin dalili.

Ki fara fahimtar yadda kasuwar take aiki a da, don in ba ki san wannan ba ba za ki gane me ya sa ɗan kasuwa yake juya miki baya ba. Tun wajen tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga littafin labari suka koma kan littattafan makaranta, don su ne suke da tabbacin sayarwa. Sai matasa suka ce ai ba za su zauna jira ba, suka riƙa tara kuɗinsu suna kai wa ƙananan maɗaba'u suna bugawa da kansu. Daga nan aka samu su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Bilkisu Funtuwa, aka samu ƙungiyoyi irin su Raina Kama, har masana suka sa wa abin suna adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakanin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme kan ko wannan adabi ne na gaske ko a'a. Tsarin kuwa shi ne marubuci ya buga, ya kai wa dillali a Kano, dillali ya karɓa bashi ya raba wa ƙananan 'yan kasuwa da suke zuwa daga Katsina da Sakkwato da Gusau da Jos da Maiduguri har Maraɗi da Damagaram, sai an sayar a biya marubuci. Ana raba littafi kashi na 1 da na 2 da na 3, kuɗin na farko shi ke buga na biyu. Ga kuma masu bayar da hayar littafi a unguwanni, kwafi ɗaya mata da yawa su karanta shi har bangonsa ya cire.

Wannan tsarin gaba ɗaya a kan abu biyu ya tsaya, takarda mai araha da mai karatu wanda ba shi da wata hanyar samun labari sai littafin. Duka biyun sun tafi. Takardar da muke bugu da ita daga waje ake shigo da ita, masana'antun takarda na gida da aka gina a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙata, don haka duk lokacin da dala ta motsa kuɗin bugu ya motsa, kuma tun da aka saki naira a 2023 aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta abin ya ƙara muni. A ɗaya ɓangaren kuma yarinyar da a da take aiken ƙaninta ya karɓo mata littafi haya, yanzu wayarta cike take da labarai a WhatsApp, wasu kyauta ma. To ki sa kanki a matsayin mai shago, ga littafin addini da na makaranta da ya san za su fita, ga kuma labarin marubuciyar da ba wanda ya taɓa jin sunanta, wanne zai ba wa wuri a kanta? Ba ƙiyayya ba ce, lissafi yake yi. Kuma ko ya karɓa, bashi zai karɓa, kuɗinki ne zai kwanta ba nasa ba. Na ga marubuta da yawa da suka sayar da kadara suka buga kwafi masu yawa, har yau ƙunshin littattafan na jibge a ɗaki ƙura da gara suna ci, abin yana min ciwo wallahi, don wasu littattafan masu kyau ne, shawara ce kawai ba su samu ba.

Yanzu mu zo kan inda damar take. Ni a ganina ƙofa mafi sauƙi ga wanda bai san kowa ba ita ce gasa, kuma wannan ba sabon abu ba ne a adabin Hausa, kusan duk wani babban sauyi da aka samu gasa ce ta kawo shi. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ma da gasa ya fara, wadda wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933, daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abubakar Imam malamin makaranta ne matashi a Katsina lokacin, ba wanda ya san shi a matsayin marubuci. Haka Hafsat Abdulwaheed, wadda ake ɗauka mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, ta gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ta fito, aka buga So Aljannar Duniya a 1980. Ina kawo miki wannan ne don ki san shiga gasa ba ƙasƙanci ba ne, ta nan manya suka bi.

A zamaninmu wadda ta fi kowacce tashe ita ce Hikayata ta BBC Hausa, an fara ta a 2016 a matsayin gasar gajerun labarai ta mata zalla, Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cinyewa, sai Maimuna Idris Sani Beli a 2017, a 2022 ma 'yar Nijar ce Amira Souley ta zo ta ɗaya, kin ga ba a tsaya kan 'yan gari ɗaya ko ƙasa ɗaya ba. Abin da ya sa nake matsa wa ɗalibaina su shiga ba kuɗin kyautar ba ne kaɗai, ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo, sunanki ya shiga kunnen mutanen da ko shekara nawa za ki yi kina talla ba za ki kai gare su ba. Sai dai ki lura, gajeren labari ake nema, a 'yan shekarun nan tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma ƙa'idojin suna ɗan canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka ki karanta na shekarar da za ki shiga da kanki, kada ki dogara da abin da wata ta faɗa a guruf. Babban kuskuren da nake gani shi ne mutum ya ɗauko dogon littafinsa ya matse shi ya koma kalma 1,500, sai ya zama kamar ana ba ka labarin fim a gurguje, an haife ta, ta girma, an yi mata auren dole, mijin ya mutu, ta yi arziki, duk a feji uku. Gajeren labari sana'a ce daban, lamari ɗaya ake kamawa, mutum biyu ko uku, lokaci ƙanƙani, a nutsa a ciki sosai. Ki ajiye dogon littafinki gefe ki rubuta sabo musamman don gasar.

Ban da ita akwai gasar da cibiyar Gusau Institute ta Kaduna take shiryawa ta littattafan Hausa, wannan ta fi dacewa da dogon aiki irin naki, jaridar Aminiya ma ta taɓa shirya gasar gajerun labarai, a baya kuma an yi gasar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye. Irin waɗannan wasu suna ɗorewa wasu suna tsayawa bayan 'yan shekaru, don yawanci a kan aljihun mutum ɗaya ko hukuma ɗaya suke, shi ya sa sai kina sa ido a kai a kai. Kuma don Allah duk gasar da aka ce ki biya kuɗi mai yawa kafin ki shiga, ba a bayyana alƙalai ba, ba a faɗi me za a yi da labarinki bayan an gama ba, ki bar ta. Akwai masu tara labaran mutane da sunan gasa su je su yi kasuwancinsu da su.

In kina taɓa Turanci ko kina da wanda zai fassara miki da kyau, gasar gajerun labarai ta ƙasashen Commonwealth kyauta ake shiga, ana buɗe ta a watan Satumba a rufe farkon Nuwamba, kuma suna karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga wani harshe. Babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG kuwa, mai dala 100,000, wadda Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016, ta littafin da aka riga aka buga ce da Turanci, ba ta wannan matakin da kike kai ba ce, na ambace ta ne don ki san ɗan arewa ya taɓa ɗaukowa. Fassara ma hanya ce, littafin Balaraba Ramat, Alhaki Kuykuyo Ne, Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci wani kamfani a Indiya ya buga a 2012, daga nan mutanen da ba su taɓa jin Hausa ba suka san ta.

To amma kafin gasa, kafin onlayin, kafin komai, akwai maganar da na fi so ki riƙe, ita ce gyara. Nan ne ciwon rubutunmu yake, kuma nan ne sabuwar marubuciya za ta iya wuce waɗanda suka riga ta. Yawancin abin da ake saki yanzu rubutun farko ne, an buga a waya da daddare an tura da safe, ba wanda ya sake dubawa. Za ki ga tauraruwar labari sunanta ya canza a tsakiya, yaron da aka ce yana da shekara 5 bayan wata biyu ya shiga jami'a, an ɓata feji goma ana siffanta falo da mota da kayan da aka saka, hira kuma kowa magana iri ɗaya yake, tsohuwa da budurwa da direba duk baki ɗaya. Ga matsalar ƙa'idojin rubutu, haɗe kalmomin da ya kamata a raba da raba waɗanda ya kamata a haɗe, da watsi da haruffa masu ƙugiya, alhali yanzu akwai allon rubutu na Hausa a kowace waya. A guruf ɗin WhatsApp masu karatu za su yi miki uzuri, amma alƙalin gasa ba zai yi ba, da yawansu malaman jami'a ne ko tsofaffin marubuta, sakin layin farko ya ishe su su san ko za su ci gaba.

Yadda nake ba da shawara shi ne ki ajiye littafin wasu makonni kada ki taɓa shi, sannan ki dawo ki karanta shi da ƙarfi kina jin muryarki, duk inda harshenki ya sarƙe to jimlar ce ba ta zauna ba. Ki tambayi kanki a kowane babi, in na cire wannan me labarin zai rasa, in amsar babu ce ki cire ko da kina son sa. Sai ki ba mutum biyu ko uku su karanta, amma ba ƙawarki da za ta ce kai ya yi daɗi ba, ki nemi mai karatu da zai iya ce miki nan na gaji, nan ban yarda ba. Bayan nan ne za ki nemi edita, kuma ki bambance, akwai mai gyaran zubi da tsarin labari, akwai mai gyaran ƙa'idar rubutu da alamomi, ba lallai mutum ɗaya ya iya duka ba. Kafin ki biya kowa ki ba shi feji kaɗan ya gwada ki ga hannunsa. In ba ki da kuɗin edita yanzu, sassan koyar da Hausa a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejojin ilimi cike suke da malamai da ɗalibai masu iya wannan aikin, wasu za su taimaka miki saboda kishin harshen. Ki nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ki ajiye kusa da ke, yana warware gardama da yawa.

A nan ne shiga ƙungiya yake da amfani. Ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, marigayi Abubakar Gimba ma ya taɓa shugabantarta, tana da rassa a jihohi, kuma rassa da dama suna zaman karatu duk wata, mutum ya karanta abin da ya rubuta a yi masa gyara a gabansa. Zaman farko da zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma babu makarantar da ta kai shi. Akwai kuma ƙungiyoyin marubutan Hausa zalla a kusan kowace jiha da na onlayin masu yawa. Ki zaɓi wadda ake maganar rubutu a cikinta, in kin ga kullum rigimar muƙami ce da anko da gulma ki fice abinki. Bukukuwan littafi ma ki riƙa leƙawa in hali ya yi, akwai KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, da bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF wanda Sada Malumfashi da ƙungiyarsa ta Open Arts suka fara a 2021. A irin wuraren nan ake haɗuwa da masu fassara da masu ɗab'i da 'yan jarida, kuma yawancin sanarwar bita da tallafi daga bakin mutane ake fara jin ta kafin ta fito fili. Akwai ma gidan marubuta na Ebedi a Iseyin ta jihar Oyo da Dakta Wale Okediran ya kafa, inda ake ba marubuci masauki na wasu makonni ya zauna ya yi aikinsa, 'yan arewa ba su cika nema ba, ban ga dalili ba.

Sai maganar onlayin, inda kasuwar ta koma. Tsarin da ya fi yawa kin san shi, a saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, in labari ya kama mutane sai a ce ci gaba na kuɗi ne, a buɗe guruf na waɗanda suka biya, wasu kuma su ɗora a manhaja irin ArewaBooks. Mata da yawa suna rufa wa kansu asiri da wannan, kuma alherinsa shi ne ba ki zuba jari a takarda ba, kina kuma ganin martanin masu karatu nan take. Ga sabuwa irinki wannan shi ne gwajin da zai nuna miki ko kina da masu saye. Amma yana da illoli da ya kamata ki shiga da saninsu. Na farko sata, yau kin saki feji a guruf na kuɗi, kafin awa ɗaya wata ta kwafe ta watsa a guruf goma, wani ya haɗa shi dokimen yana rabawa, wani ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla ke ko gaisuwa bai yi miki ba. Na biyu matsin masu karatu, kullum a ƙaro feji, a ƙara tsawo, kada a kashe wane, a aurar da wance, sai ki ga labarin da ya kamata ya ƙare a babi 30 ya kai 100 ya tsinke. Ke da kika riga kika gama naki kin tsira daga wannan, ki saki abin da kika gyara a hankali, kada ki bari a ja ki. Na uku kuma, zan faɗa ko da wasu za su ji haushi, akwai masu cusa batsa don sun ga tana kawo kuɗi da wuri. Tana kawowa, amma sunan da kika ɓata ba ya dawowa, kuma ƙofofin gasa da makarantu da gidajen talabijin duk za su rufe miki, ga abin da yake ja wa sauran marubuta na zagi da tsangwama.

Ki kuma riƙe asalin rubutunki a wurinki, a waje fiye da ɗaya, ki tura wa kanki ta imel, kada ki dogara da manhaja ko waya. OkadaBooks babbar manhajar littafi ce a Najeriya, marubutan Hausa da yawa sun yi kasuwa a kanta, amma a ƙarshen 2023 ta rufe. Duk dandalin da kike kai na wani ne, ranar da ya ga dama ko kasuwa ta ƙi zai nannaɗe tabarmarsa, don haka ki tara lambobin masu karatunki da kanki ta yadda duk inda kika koma za su bi ki.

Haƙƙin mallaka kuma ki san shi tun yanzu. A dokar Najeriya, wadda aka sabunta ta zama dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da zarar kin rubuta abinki ya zama naki, ba sai kin yi rajista ba, kuma kariyar tana nan tsawon rayuwarki da shekara 70 bayan rai ya yi halinsa. Duk da haka hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa tana da tsarin da za ki shigar da aikinki a ba ki takardar shaida, yana da amfani ranar gardama. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sayar da haƙƙi sai a rubuce. In mai tashar YouTube ko furodusa ko gidan rediyo ya zo yana son labarinki, kada ki yarda da mu'amalar baki ko ta kunya, ku rubuta, me aka ba shi, karantawa kawai ko fim, na shekara nawa, nawa zai biya, yaushe, kuma sunanki zai fito ko a'a. Ki guji kalmar na sayar gaba ɗaya, ki ba da izini na wani lokaci. Na san marubuciyar da ta miƙa labarinta kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba saboda tana cikin matsi, aka yi fim mai dogon zango da shi ana ta cin riba, ita ko a jerin sunaye ba a sa ta ba, kuma ba ta da takarda ko ɗaya da za ta nuna.

Tunda na ambaci fim, wannan ma babbar dama ce da marubuta ba sa kallonta da kyau. Kannywood tun farkonta da marubuta ta tashi, Gidan Dabino da Babinlata da Balaraba duk sun mayar da littattafai fim a shekarun 1990. Yanzu da aka koma finafinai masu dogon zango a Arewa24 da YouTube, buƙatar marubuci ta ƙaru sosai, don shiri mai fita duk mako yana cin labari ba kaɗan ba, kuma marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sun shiga wannan layin sun yi suna. Sai dai rubutun fim ilimi ne daban da na littafi, a littafi kina iya shiga zuciyar mutum ki faɗi me yake tunani, a fim sai abin da ido zai gani kunne ya ji, don haka ki nemi bita ko ki zauna ƙarƙashin wanda ya iya. Ban da fim akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da suke neman masu rubuta wasan kwaikwayon rediyo na wayar da kai, da masu fassara, da masu rubuta littattafan yara na koyon karatu da Hausa. Wannan na ƙarshen ina jin takaicin yadda muka bar shi, yaranmu ba su da isassun littattafai masu hoto da harshensu, kowa ya tafi soyayya, alhali makarantu da iyaye su ne har yanzu suke cire kuɗi su sayi littafin takarda.

To yaushe za ki buga na takarda? Ban ce kada ki taɓa bugawa ba, littafin da aka riƙe a hannu yana da darajarsa, shi ake kai wa laburare, shi ɗalibin jami'a zai yi nazari a kai, shi wasu gasanni suke nema, kuma shi zai rage bayan waya ta lalace. Ki buga lokacin da kike da mutanen da suka ce suna so, ki buɗe rajistar masu saye su biya tun kafin a buga, ki buga daidai adadinsu da ɗan ƙari. Yanzu akwai injinan bugu na zamani da suke fitar da kwafi kaɗan, 50 ko 100, kowane kwafi ya fi tsada a kan bugun faranti, amma kuɗinki ba zai kwanta ba, in sun ƙare ki ƙara. Ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane littafi, daga Babban Laburaren Ƙasa, su ne masu bayarwa kuma suna da ofisoshi a jihohi, doka ta ce ki ajiye musu kwafi 3 bayan an buga. Kada ki karɓi lambar da mai maɗaba'a zai ciro miki daga aljihu, sau da yawa ta wani littafin ce aka maimaita. In a Kano za ki sayar ki sani hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana da hurumi kan littattafai, ki je ki ji ƙa'idarsu kafin ki kai kasuwa. Ki duba samfurin farko da idonki feji bayan feji kafin a buga sauran, musamman haruffa masu ƙugiya, don sau da yawa in aka canza kwamfuta sai su rikiɗe su koma akwati-akwati ko alamar tambaya, kuma in an riga an buga ba mai biyan ki.

Su kuma masu shagon littafi kada ki yanke hulɗa da su, ki koma musu lokacin da kike da abin nunawa. In kika shigo kika ce ga littafina, ya zo na biyu a gasa kaza, an karanta shi a rediyo, ina da masu karatu a garin nan da suke tambayar inda za su samu, maganar za ta canza, don yanzu ke ce kike kawo masa masu saye. Ki ba shi kwafi kaɗan, 10 ko 20, ku rubuta adadi da kason da zai ɗauka da ranar da za ku yi lissafi, kowa ya sa hannu ya riƙe takardarsa, in sun ƙare ya biya sannan ki ƙaro. Shagunan cikin jami'o'i da kwalejoji da masu baje littafi a wuraren taro sun fi saurin fitar da irin wannan a kan babbar kasuwa, ki fara da su. In kin shirya ki turo babi na farko da taƙaitaccen bayanin labarin a feji ɗaya, zan duba in gaya miki irin gyaran da yake buƙata da kuma gasar da ta fi dacewa da shi.